Rana ko Tukunya? Gardama kan Gwamen Ƙafar Yara a Birnin Zazzau

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin ma'aikatan lafiya a Zariya, har ta zama kamar hadda: in aka kawo yaro daga cikin birni da gwamen ƙafa, to kulle ne sila. Uwa ba ta fita, yaro yana manne da ita a ɗaki mai ƙaramar taga, rana ba ta taɓa fatarsa, bitamin D ya yi ƙaranci, ƙashi ya yi laushi. Kwanan baya wani likitan yara da mai wannan rubutu yake ganin girmansa ya sake kawo ta a wani zaman tattaunawa. Ya buga misali da lungunan Kwarbai, ya ce maganin abin bai wuce allurar bitamin D da jan kunnen iyaye su riƙa fito da yara rana ba. Maƙalar nan martani ce gare shi. Abin da take son nunawa shi ne, ga yaron da aka riga aka yaye, hujjar da ke hannu ta fi karkata ga abin da ke cikin tukunya fiye da tsayin katangar gida.

Asalin ra'ayin sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani. Ciwon laushin ƙashi, wanda likitoci ke kira rikets, ya addabi yaran biranen Turai masu hayaƙin masana'antu. A 1919 Huldschinsky ya warkar da shi da hasken fitila, a 1922 kuma McCollum da abokan aikinsa suka bambance bitamin D. Daga nan littattafan koyarwa suka ɗaure cutar da rashin rana, kuma da waɗannan littattafai aka horar da likitocinmu.

Sai dai Kwarbai ba Landan ba ce. Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana kuwa ba ta yi mata rowa a kowane wata. Duk wanda ya taɓa wuce zaure ya shiga cikin gida a birni ya san tsakar gida a buɗe take, ba rufi. Nan ake daka, nan ake wanki da shanya, nan murhu yake. Da hantsi yaro ɗan shekara uku yana tsakar gidan nan daga shi sai ɗan kamfai, yana bin kaji, ko kuwa ya riga ya bi yayarsa kai aike maƙwabta. Kulle na matar aure ne. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa sana'ar matan kulle ma a kan ƙafafun yara take tafiya, su ne 'yan aike, su ne 'yan talla. Da wuya a ce yaron da ke wuni tsakanin lungu da makarantar allo rana ce ya rasa.

Hujja mafi nauyi ta fito ne daga Jos. A 1999 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin da Tom Thacher, Philip Fischer, John Pettifor da abokan aikinsu suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Sun ɗauki yara 123 masu wannan ciwo, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko aka yi musu allurar bitamin D kaɗai, na biyu aka ba su kalsiyam miligiram 1,000 kullum, na uku aka haɗa musu duka biyun. Bayan mako 24 aka duba hoton ƙashin wuyan hannu da na gwiwa, aka auna jini. Cikin waɗanda suka sha kalsiyam kaɗai, kashi 61 cikin ɗari sun kai mizanin warkewa, waɗanda aka haɗa wa biyun kashi 58, masu bitamin D kaɗai kuwa kashi 19. Wato maganin da abokin gardamarmu yake cewa ya wadatar, shi ne ya zo na ƙarshe, kuma da tazara mai nisa.

Ba Jos ce ta fara hango abin ba. Pettifor ya bayyana irin wannan ciwo a yaran karkarar Afirka ta Kudu tun 1978, Okonofua da abokansa sun danganta shi da ƙarancin kalsiyam a yaran Najeriya a 1991, daga baya kuma aka ga makamancinsa a Bangladesh da Gambiya. Duk ƙasashen rana ne, kuma duk abincinsu hatsi ne da madara kaɗan.

Nan ya kamata a tsaya a leƙa kwanon yaro. Da safe koko ne, in da hali a haɗa da ƙosai. Da rana abin da ya samu, wataƙila ɗanwake ko shinkafa da mai da yaji. Da dare tuwon masara ko na dawa. Hatsin nan kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, sannan yana ɗauke da wani sinadari, fayitet, da ke kama ɗan abin da ke akwai ya hana hanji tsotse shi yadda ya kamata. Nonon shanu yana da kalsiyam wajen miligiram 120 a kowace mililita 100, amma a gidaje da yawa fura da nono ta koma abin marmari, in ma an saya rabon maigida ne da baƙi, madarar gwangwani kuwa sai a shayin mai hali. Muddin yaro yana shan mama yana samun wani abu. Ranar da aka yaye shi aka ɗora shi kan koko da tuwo, a daidai lokacin da ƙashinsa ke tsawo da sauri yana kuma ɗaukar nauyin jiki, ranar asusun ya fara karyewa. Abin takaici ne a ce haka na faruwa a garin da cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, take zaune a Shika, kuma Fulani masu tallan nono suke shigowa ta ƙofofinsa kowace safiya.

To amma likitan nan ba a banza yake riƙe da ra'ayinsa ba, kuma sukarsa ta cancanci amsa ɗaya bayan ɗaya.

Sukarsa ta farko daga cikin binciken Jos ɗin ya ciro ta. Yaran da ke da ciwon suna samun kalsiyam wajen miligiram 203 a rana, takwarorinsu masu lafiya da aka gwada su da su kuwa 196. Tunda kwano ɗaya suke ci, in ji shi, don me ƙafar wannan ta lanƙwashe ta wancan ta miƙe? Tambayar tana da ƙarfi, kuma ba za a kauce mata ba. Abin da ta tabbatar shi ne ƙarancin kalsiyam shi kaɗai bai isa ya bayyana wane yaro ne zai kamu ba. Akwai wani abu da ke ƙaruwa a kai, ko gado, ko yawan kalsiyam a nonon uwa, ko tsawon shayarwa, ko kuma matsayin bitamin D ɗin kansa. Sai dai daga nan zuwa cewa kalsiyam ba shi ne tushe ba, akwai rata. Gari guda kan sha ruwan rijiya ɗaya, wasu su kwanta wasu su tashi lafiya, ba a kuma ce rijiyar ba ta da laifi. Gwajin magani ya fi tambayar abinci ƙarfi a matsayin hujja, domin tambayar abinci ta dogara ne da abin da uwa ta tuna ta ba yaro jiya, shi kuwa gwaji ya ƙara abu ɗaya ne ya ga ƙashi ya warke a hoto.

Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi. Ya ce ai an auna jinin yaran Jos an ga bitamin D ɗinsu ya gaza na masu lafiya, kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku suna ƙasa da iyakar da ake kira ƙaranci. Gaskiya ne. Amma a juya lissafin: kusan biyu bisa uku suna da ciwon sosai alhali bitamin D ɗinsu bai faɗi ƙasa da wannan iyaka ba. Sannan akwai dalilin da zai sa ƙarancin ya zama sakamako maimakon sila. Idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini, wasu 'yan ƙananan ƙulluwa da ke wuya, paratayirod, sukan ƙara fitar da sinadarinsu. Shi kuma yana sa ƙoda ta riƙa juya bitamin D zuwa nau'insa mai aiki don hanji ya tsotso duk ɗan kalsiyam da ya samu, yana kuma sa a zubar da fosfet a fitsari, wanda rashinsa ke hana bakin ƙashi mai girma ƙarfafa. Clements da abokansa sun nuna a 1987, a jikin beraye, cewa wannan hali yana sa jiki ya cinye ajiyarsa ta bitamin D da sauri. An kuwa samu nau'in nan mai aiki da yawa a jinin yaran Jos. Jikinsu yana ta neman kalsiyam ne, yana ƙona bitamin D wajen nema.

Duk da haka, a wannan gaɓa dole maƙalar nan ta rage faɗin da'awarta. Thacher da abokansa sun sake wani gwaji da aka buga a 2014. A wannan karon duk yaran sun sha kalsiyam, sai aka ƙara wa wasu bitamin D. Masu biyun kashi 67 cikin ɗari suka warke a mako 24, masu kalsiyam kaɗai kashi 44. Yaran da suka kammala gwajin ba su kai 70 ba, kuma bambancin bai cika sharaɗin lissafi sarai ba, amma alkiblarsa a fili take: bitamin D yana taimakawa. Matsayar da masana na ƙasashen duniya suka fitar a 2016 ta bi wannan hanya. Ta ce yaron da ya wuce shekara ɗaya in yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, sama da 500 ya wadatar, kuma a yi magani da biyun tare. Saboda haka ba a cewa a ajiye bitamin D. Abin da ake cewa shi ne kada a ba da shi shi kaɗai a sallami uwa.

Sukarsa ta uku ita ce Jos daban, Zariya daban. Ya kawo hazon hunturu da ke tare hasken rana, da rigunan da ke rufe jiki, da benayen siminti da suka fara cinye tsakar gida a cikin birni. A nan akwai inda ya fi gaskiya, kuma a ba shi abinsa. Tun 1986 Okonofua da abokansa suka samu cewa mata masu ciki da ke cikin kulle a Najeriya bitamin D ɗinsu ya gaza na waɗanda ba sa ciki. Jariri da ajiyar uwarsa yake zuwa duniya, nonon uwa kuma bitamin D ɗinsa kaɗan ne ko da uwar lafiyarta ƙalau. Jaririn wata shida da ke wuni a goye ƙarƙashin mayafi, a gidan da aka rufe samansa, zai iya kamuwa ta hanyar da likitan ya faɗa. Yaran gwajin Jos kuwa manya ne, tsaka-tsakin shekarunsu ya kusa huɗu. Don haka da'awar nan ta tsaya kan yaron da aka yaye, mai tafiya da ƙafarsa. A kansa ne mai wannan rubutu yake ganin kusan babu sauran shakka, kuma shi ne aka fi kawowa asibiti da ƙafa kamar baka.

Me ya sa gardamar take da muhimmanci har haka? Mai wannan rubutu ya taɓa ganin wata uwa a layin ganin likita, riƙe da yarinya 'yar shekara huɗu. Wuyan hannun yarinyar ya yi kauri kamar an sa mata awarwaro a ƙarƙashin fata, mahaɗar haƙarƙarinta ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, in ta tsaya gwiwoyinta na gugar juna. An riga an kai ta wajen maɗori, ya duba ya ce ba karaya ba ce. An yi mata allurar bitamin D a wani wuri watanni kafin nan, aka ce wa uwar ta daina ɓoye ta a ɗaki. Uwar ta ce, cikin ladabi, yarinyar nan ko sallar Magariba sai an nemo ta daga waje. Ba wanda ya tambaye ta yaushe rabon yarinyar da nono. Ta koma gida da laifin da ba nata ba, ciwon kuma yana nan.

Ga shi kuwa maganin ba mai tsada ba ne. Masu binciken Jos sun gwada garin dutsen farar ƙasa da garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, duka biyun suka warkar da ƙashi. Wani gwajin nasu na 2016 ya nuna miligiram 1,000 a rana ya fi 500 saurin warkarwa, ninka shi zuwa 2,000 kuma bai ƙara wani abin kirki ba. Ko a kasuwar birni akwai abin da za a fara da shi: kuka da zogale da riɗi duk suna da kalsiyam, ko da yake ɗan abin da ke shiga miya bai kai ya warkar da ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba. (A kula, kanwa ba ta cikin wannan lissafi. Gishirinta wani ne daban, ba za ta tsaya a madadin kalsiyam ba.) Haka nan ba kowane gwame ne wannan ciwo ba. Ƙananan yara da yawa ƙafarsu kan ɗan lanƙwashe ta miƙe da kanta, shi ya sa hoton ƙashi da awon jini suke da muhimmanci kafin a yanke hukunci.

Hanyar raba gardamar tana nan kusa. Cibiyar kula da lafiyar yara ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello tana Banzazzau, cikin birni, ba nisa da Kwarbai. A ɗauki yaran da aka kawo da ciwon, a haɗa kowanne da sa'ansa mai lafiya daga lungu ɗaya. A ware 'yan ƙasa da shekara ɗaya daga waɗanda aka yaye, domin cakuɗa su ne ke rikita lissafi. A auna abin da ke shiga kwano da sikeli na kwana uku maimakon a dogara da tuni, a rubuta ko tsakar gidan a buɗe take ko an rufe, a ɗibi jini sau ɗaya da damina sau ɗaya da hunturu. In aka samu bitamin D na yaran da aka yaye ya faɗi warwas a gidajen da aka rufe, alhali kwanonsu daidai yake da na maƙwabta, to likitan nan ya ci gardama a Zariya, mai wannan rubutu kuma zai janye. Kafin a kai ga haka, ana roƙonsa ya ƙara layi biyu a katin da yake cikewa: yaushe aka yaye yaron, kuma sau nawa ya sha nono a makon da ya wuce.