Ƙarshen Dogo: Tashar Jirgin Ƙasa ta Nguru da Ƙasar da ta Rayu da Ita

Gabatarwa

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk wanda ya zauna da dattawan Nguru ko Gashuwa, ya kawo musu zancen jirgin ƙasa, zai ga gaskiyar wannan karin magana a fuskokinsu. Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen tarihin tashar Nguru, wadda ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, tare da duba yadda ta shafi rayuwar garuruwan da dogon bai taɓa takawa ba, irin su Gashuwa da Kumagannam.

Zuwan Dogo

Nguru ba jirgi ya kafa ta ba. Tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Borno, wanda aka ɗora wa tsaron yammacin daular, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Saboda haka fatake sun san hanyarta tun kafin Bature ya zo.

Dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama babbar hajar da ake lodawa zuwa Ikko. Da Turawan mulkin mallaka suka ga ribar abin, sai suka miƙa rassa zuwa sauran ƙasashen gyaɗa da auduga. Reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano kuwa ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Faɗin dogon ƙafa uku da rabi ne, kamar yawancin layukan wancan zamani.

Abin lura shi ne lokacin da jirgin ya iso. A ƙarshen 1929 kasuwannin Amurka da Turai suka karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, ga kuma haraji da En'e ke karɓa da kuɗi. Manomin da aka kawo wa dogo har ƙofa sai ya tarar dole ya ƙara yawan buhunan da zai sayar kafin ya haɗa kuɗin da ya biya bara. Ita ma gwamnati hannunta ya ƙanƙance, aikin shimfiɗa sababbin layuka ya tsaya na tsawon shekaru, Nguru ta tabbata ƙarshen layi.

Ƙasar Bayan Tasha

Kasancewarta ƙarshen layi shi ne arzikinta. Tun da jirgi ba ya wuce nan, duk kayan arewacin Borno da Bade da ƙasar Manga, har da na tsallaken iyaka a yankin da Faransa ke mulka, sai an kawo su Nguru. Gyaɗa da ƙaro da fatu da kiraga da kanwa da busasshen kifi da shanu, duk a nan suke haɗuwa da tarago. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna suka kafa sikeli, dillalai da 'yan dako suka yi yawa, ma'aikatan reluwe daga Kudu suka zo da iyalansu. Barebari da Mangawa da Badawa da Fulani da Yarabawa da Ibo suka haɗu a kasuwa ɗaya, harshen da ya fi saurin haɗa su wajen ciniki kuwa shi ne Hausa. Wannan batu ne da ya kamata ɗaliban harshe su kula da shi, domin dogo na cikin abubuwan da suka ƙarfafa Hausa a ƙasar da asalinta ta masu Barbarci ce.

Alal misali, a ɗauki mutumin Kumagannam, can arewa wajen tuddan rairayi kusa da iyakar Nijar. Mai yiwuwa ya yi rayuwarsa duka bai ji kukan jirgi ba, amma ƙaron da ya tsinto a daji da fatar akuyar da ya shanya, bisa raƙumi ko jaki suke tafiya har bakin sikeli. Kuɗin da za a ba shi an yanke shi ne a wata kasuwa ta Ingila da bai san sunanta ba. Akoko da kananzir da sukarin da zai komo da su gida, su ma jirgin ne ya kawo. Haka Gashuwa ta zama matattarar kayan ƙasar Bade, inda motoci ke kwasa su kai tasha. Maniyyata da almajirai da 'yan cirani su ma ta nan suke shiga duniya.

Ja da Baya

Ƙaddara ta farko ta faɗa wa Nguru ne lokacin da aka tashi kai dogo Maiduguri. Maimakon a ci gaba daga inda aka tsaya a 1930, sai aka ɗauko sabon layi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauci da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Daga nan kayan tsakiyar Borno suka sami wata ƙofa.

Sauran musibun suka biyo a jere. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari, har dalar gyaɗa ta zama labari. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Calawa a 1992, sun rage ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi da kiwo suka dogara. A ɗaya gefen kuma kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace lodi, Hukumar Jiragen Ƙasa da aka kafa a 1955 ta shiga halin rashin injuna da kayan gyara. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, tashar da ta gada ta riga ta tsufa.

Kammalawa

A shekarar 2021 aka aza harsashin sabon dogo mai faɗi daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse. Nguru ba ta cikin wannan zane, kamar yadda ba ta shiga na Maiduguri ba. Darasin da ke ciki shi ne, an shimfiɗa layin 1930 domin kwasar kaya, da kayan suka ragu sai aka juya masa baya, ba a tambayi mutanen da suka gina rayuwarsu a kansa ba.

Akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Takardun Turawa sun ƙidaya tan-tan na gyaɗa, amma ba su rubuta sunan ɗan dako ko waƙar da yake yi yana ɗaukar buhu ba. Waɗanda suka ga tashar a ganiyarta yanzu sun manyanta ƙwarai, kullum kuma raguwa suke yi. Ina kira ga ɗalibanmu, musamman 'yan Nguru da Gashuwa da Kumagannam, da su yi amfani da hutu su zauna da waɗannan dattawa, su naɗi bayaninsu, su kawo mana a adana. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.