Wa Ke da Iri? Asalin Rigimar Masarar TELA

A ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda damina ba ta da tsawo, manomi ya daɗe da sanin maganin fari: gero. In kaka ta yi, sai ya ware zangarniya mafi kyau ya adana, maƙwabci ya roƙa a sam masa. Ba a taɓa jin wani ya ce irin nasa ne shi kaɗai ba.

Maganar mallakar iri daga Amurka ta taso. A 1980 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince a bai wa Ananda Chakrabarty takardar mallakar fasaha a kan wata ƙwayar bakteriya da ya sauya wa halitta. Daga nan kamfanoni suka samu ƙofa. Kamfanin Monsanto ya yi shari'a da Percy Schmeiser, manomi a Kanada, kamfanin ya yi nasara a 2004. A 2013 ya kayar da Vernon Bowman na jihar Indiyana, dattijon da ya sayi waken suya na hatsi ya shuka, kotu ta ce ya kwafi kayan kamfani. A shekarar ne kuma Monsanto ya fitar da masarar DroughtGard mai jure fari, wadda aka sa wa ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa.

Zuwa Afirka sai aka sauya salo. Tun 2008 gidauniyar AATF da ke Nairobi ta karɓi wannan fasaha ba tare da kuɗin mallaka ba, Gidauniyar Gates na cikin masu ɗaukar nauyi. Bayer ya saye Monsanto a 2018, yarjejeniyar ta ci gaba. Cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ta yi gwaji, hukumar NBMA ta ba da izini a 2021, a Janairun 2024 aka saki iri huɗu na masarar TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T, masu jure fari da tsutsa.

Dokar Najeriya ta 1970 ba ta yarda a mallaki nau'in tsiro ba. Amma a 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri, ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey ta yi tir da ita. A Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da tsirran da aka sauya wa halitta sai an bincika.

Masu kare TELA suna cewa ba a karɓar ko kwabo na mallaka, kuma gaskiya ne. Sai dai a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Masara ce mai aure, in aka maimaita shuka 'ya'yanta yabanya takan ragu. Ko babu lauya ko ɗaya, manomin Zurmi da ya rungume ta dole ya nemi kuɗin sabon iri kowace damina, a yankin da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gona.