Marinan Kano da Shunin Hannunsu

Duk wanda ya san Kano ta dā ya san ba a tambayar marini sana'arsa, domin shuni ya riga ya kama hannuwansa tun daga farce har gwiwar hannu, kamun da babu sabulun da zai fitar da shi. Abin lura kuwa shi ne ba a san marini da ɓoye hannun nan cikin riga ba, ko a taron ɗaurin aure ko a sahun Juma'a. Masu riwayar tarihin birni suna cewa an haƙa ramukan Ƙofar Mata tun 1498, wato a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma tun daga lokacin ɗa yake gadon ramin ubansa kamar yadda yake gadon gonarsa.

Aikin kansa ba na rago ba ne. Rami ne mai zurfi wanda aka shafe cikinsa da laso don kada ya tsotse ruwa, a cika shi, a zuba toka da katsi da baba, a rufe, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da muciya har kumfa ta taso, wari kuwa ya cika unguwa. Sa'an nan gwani ya duba launin kumfar, ya shinshina, ya ce ya nuna ko da saura, alhali kuwa ba shi da ma'auni face idonsa da hancinsa da abin da ya gani wurin magabatansa. Idan aka tsoma zane aka ɗago, sai ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idon mutum, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi baƙin da ake so. Daga nan sai mabuga, inda ake shimfiɗa shi bisa gungume a yi ta bugu da shuni har ya ɗauki ƙyalli. Da irin wannan ƙyalli garin Kura ya yi suna, har Buzayen Azbin suka zama ba sa ganin cikar kamalar namiji sai da rawani ɗan Kura a kansa.

A 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma ƙirga cewa a cikin birni kaɗai ramuka sun haura 2,000, kowanne ana biya masa kuɗin karofi wuri 700. Abin da ya fi burge shi, a matsayinsa na wanda ya san masana'antun Turai, shi ne mutane suna wannan kasabi ba tare da sun rabu da iyalinsu ba. A ganina ya hango gaskiya, amma rabinta. Mai rami lalle yana da 'yancinsa, shi ke yanke lokacin fitarsa da na tashinsa, yana da Sarkin Karofi da zai kai wa kuka. Amma akwai wanda ba shi da rami sai ƙodago, akwai kuma bayin da suka noma babar a rinji, waɗanda babu wanda ya tambaye su ko suna son aikin. Hatta mai ramin ma, a ma'aunin darajar Hausawa, yana bayan basarake da malami da attajiri, ko da yake yana ganin kansa gaba da mahauci da maroƙi.

Alfaharin marini, ashe, kasuwa ce ta riƙe shi tare da gado. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, a 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, a 1911 layin dogo ya iso, atamfa ta cika kantuna da araha; da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 kuwa, samari suka ɗanɗana albashin ƙarshen wata, suka yarda ƙararrawa ta riƙa kiransu maimakon uba. Ba na zarginsu, domin mai iyali hatsi yake nema, kuma uban da ke rantsuwa da albarkar marina shi ne ya kama hannun ɗansa ya kai shi makarantar boko.

Yau yawancin ramukan Ƙofar Mata a bushe suke, dattawan da suka saura suna rina wa baƙi masu ɗaukar hoto, kuma idan ka tambaye su za su ce maka sana'ar ta rufa musu asiri, ba su da abin cewa sai godiya ga Allah. Mai son sana'ar nan ta ɗore, to, ya je ya sayi zane a hannunsu, ya biya kuɗinsa ba tare da ya karya musu farashi ba.