Mantuwar da ke biyo bayan maganin sankarar mama

Mace takan gama shan kimoterafi, likita ya yi mata albishir cewa sankarar mama ta kau, gashi ya fara tsirowa, amma sai ta tarar kanta ba kamar da ba. Tana cikin magana kalma ta ɓace mata, ta karanta shafi ta kasa riƙe abin da ke ciki, ayyuka biyu a lokaci guda su gagare ta. An daɗe ana ɗora wannan a kan gajiya da fargaba. A ganina kokenta hujja ce ta ilimi, kuma binciken shekaru talatin ya gaskata ta.

A 1998 van Dam da abokan aikinsa a Cibiyar Sankara ta Holan sun gwada mata kimanin shekara biyu bayan magani. Sun samu raunin tunani ga kashi 32 cikin ɗari na waɗanda aka ba magani mai ƙarfi sosai, kashi 17 ga masu ma'aunin da aka saba, kashi 9 ga waɗanda ba su sha ba. A 2012 Koppelmans ya bi mata 196 da suka sha haɗin magungunan kimoterafi da ake kira CMF fiye da shekara 20 a baya, ya tarar har lokacin suna ƙasa da tsararsu wajen tuna kalmomi da saurin sarrafa bayani. Sai binciken Janelsins na Jami'ar Rochester a 2017, kan mata 581, inda kusan kashi 45 suka ce tunaninsu ya ja baya bayan magani.

Masu shakka suna da abin faɗa. Wefel ya nuna a 2004 cewa kusan ɗaya cikin uku na matan suna da rauni tun kafin allurar farko. Ke nan cutar kanta, ƙarancin jini, rashin barci da ɗaukewar haila duk suna da hannu. Sannan sau da yawa mace mai koke takan ci gwajin asibiti lafiya ƙalau.

To amma a nan ne aikin Ferguson na 2007 ya fi jan hankalina. Waɗanda ya bincika tagwaye ne mata masu kama ɗaya, 'yan shekara 60, ɗaya ta sha magani, ɗaya ba ta taɓa ciwon ba. Makinsu a gwaji bai bambanta sosai ba. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna aikin tunawa, sai aka ga wadda ta sha magani tana tayar da sassa masu faɗi kafin ta kai ga amsa guda. Wato ta isa inda 'yar'uwarta ta isa, amma da guminta. Gwajin da ake yi a ɗaki shiru, tambaya ɗaya bayan ɗaya, ba ya auna wannan wahala. Ofis da kasuwa da hayaniyar yara su ke tona ta. Ɗakin binciken Michelle Monje a Stanford ya ƙara haske a 2019: a jikin ɓeraye, maganin kimoterafi methotrexate yana harzuƙa ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, rufin jijiyoyi ya sirance, saƙo ya rage gudu.

Wannan bai isa dalilin gudun kimoterafi ba, domin yana ceton rai, kuma ga mafi yawa raunin ba mai tsanani ba ne. Abin da ya wajaba shi ne a sanar da mace da iyalinta tun kafin a fara, a gwada tunaninta a lokacin don a samu abin kwatantawa, a kuma duba jininta da barcinta idan ta koka, sannan a haɗa ta da motsa jiki da horon dabarun tunawa.