Hanyar Kurmi: Daga Dakoro Zuwa Bakin Teku

Tsakanin Dakoro da teku akwai tafiyar wajen kilomita 1,500, ko mutum ya bi ta Gaya ya sauka Kwatano, ko ya ratsa Najeriya ya faɗa Ikko, wato Legas. Duk da wannan nisa, da wuya ka shiga unguwa a garin nan ka rasa tsohon da ya taɓa kwana a zangon Kumasi, ko ya yi tallar agogo da tabarau a titunan Abijan, ko ya yi gadi a Legas. Mutanenmu sun daɗe da sanin bakin ruwa. Abin da ba su saba da shi ba shi ne a ɗaura kaya, a kashe kuɗin mota, a je can don kallo kawai. Ni kuwa abin da na ƙudura ke nan a babban hutun makaranta: in ɗauki yarana uku, samari biyu da budurwa ɗaya, in kai su Kwatano da Lome. Kafin su taka hanyar, ina so su san wa ya share ta.

Goro ne ya fara jan Bahaushe kudu. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja. Madugu ke riƙe da ayari, jagaba na gaba yana neman zango da ruwa, jakuna na ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu da busasshen ganyen albasa. A komowa sai huhunan goro, ana kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya lalace kada ya ɓata saura. Zuwa da dawowa kan cinye wata shida, wani lokaci shekara guda. Manyan ƴan wannan fatauci, Agalawa da Tokarawa, asalinsu daga nan arewa ne, cikin mutanen da suka zauna ƙarƙashin Abzinawa kafin su gangara ƙasar Kano. Wannan batu na faranta mini rai, domin yana nuna cewa ƙasar rairayi irin tamu tana da hannu a harkar tun daga tushe.

Amma ayarin ba ya kaiwa teku a wancan zamani. Sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su wuce, a Salaga ake tsayawa. Sai da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sannan basasar 1892 ta watsa Salaga, fatake suka bazu zuwa Kintampo da Kete Karachi da Kumasi, wasu suka zarce har Ankara, wato Accra, a bakin teku. Nan aka gane cewa jirgin ruwa ya fi jaki sauri. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji, yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgi daga gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Ikko, kuma da layin dogo ya iso Kano wajen 1912 sai tsohuwar hanyar ayari ta fara mutuwa. A shekarun nan ne Malam Baƙo, wanda mahaifinsa malami ne daga Katsina, ya kafa Sabon Zango a Ankara, aka kuma yanka wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916.

Dakoro ba ta cikin wannan babi, don garin bai zama gari ba tukuna. Sai a 1947 Faransawa suka kafa bariki a nan, tsakanin manoman da ke hawowa daga Gobir da Katsina da Adar suna saran daji, da makiyayan kwarin Tarka. Kumandan ya zo da lampo, lampo kuma da kuɗi ake biyan sa, ba da damin hatsi ba. Saboda haka da an gama girbi an rufe rumbu, samari sai su kama hanyar cin rani. Riba biyu ce: an rage bakin da ke cin hatsin gida, an kuma samo kuɗin lampo da na aure. Da hadarin farko ya taso, kowa ya juyo ya ɗauki kwashe. Irin wannan tafiya ce Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, da samari uku daga yammacin Nijar suka taka har Ankara.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka bi wannan sawu. Har yau akwatin ƙarfen da ya zo da shi daga Gana yana ƙarƙashin gadonsa, fentin ya kaɗe, kwadon ya yi tsatsa. A ciki akwai wani zane mai ruwan zinariya da bai taɓa ɗinkawa ba, da tsohuwar fitilar hannu, da hoto guda da aka ɗauke shi sanye da gajeren wando, kansa da gammo. Na taɓa tambayar sa, na ce, "Kawu, yaya ka ga teku ran da ka fara ganin ta?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Ɗana, buhu na kai bakinta. Na ji ƙugi, na ɗaga kai, mai kaya ya daka mini tsawa, na sunkuya." Ya yi rani bayan rani a Ankara, iyakar kallonsa ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarinsa shi ne yadda ya sauka a garin da bai san kowa ba, ba ko sisi a aljihu, kuma bai kwana a titi ba. Ya tambayi zango, aka nuna masa. A zango ya tambayi gidan da mutanen Maraɗi ke sauka. Mai masauki ya ba shi tabarma a zaure, aka miƙo masa tuwo, washegari aka haɗa shi da mai ba da aikin dako. Kuɗin da yake samu, wurin mai masaukin yake ajiyewa, ba takarda ba shaida, kuma ran tafiya aka ƙirga masa abinsa cif. Mai masauki shi ne fatoma, shi ne dillali, shi ne ma'aji, shi ke tsaya wa baƙo in ya shiga hannun hukuma, shi ke sallar gawarsa in kwana ya ƙare a can. A ganina wannan tsari ya fi layin dogo da kwalta muhimmanci a tarihin hanyar kurmi. Hanyoyi sun sha sauyawa, amma duk inda sabuwa ta ɓulla, zango ke karɓar matafiyi.

Sun kuwa sauya ƙwarai. Gyaɗar Maraɗi da farko ta Kano take fita zuwa Ikko. A 1953 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle don karkatar da ita ta Dahomey: manyan motoci su kai Paraku, jirgin ƙasa ya ɗauka ya bi layin kilomita 438 zuwa Kwatano. Aka gina gadar Gaya da Malanbil a 1958, aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe hanyar kudancin Najeriya, Alhazan Maraɗi suka ƙara juya fuska ga Kwatano da Lome, suna shigo da atamfa da taba da shinkafa, daga baya har motocin hannu, suna tura su Katsina da Kano. Arzikin Maraɗi da ake gani yau, kaso mai yawa nasa ta ruwa ya zo.

Talaka kuwa kora ya fi sani. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Gana. Da haka kawuna ya dawo, a bayan babbar mota, da akwatin nan a cinyarsa. A 1977 hukumar Togo ta rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar birni, ta mai da mutanensa can arewa da gari. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya daidai lokacin da fari ya cinye gonaki da garkuna, har tsofaffinmu suke kiran yunwar shekarar El Buhari. Bayan wannan fari makiyayan da suka rasa dabbobi suka ƙara shiga sahu: Buzaye suka zama masu gadi a biranen kudu, matan Woɗaɓe na yankin Bermo suka riƙa yawon sayar da magani da yin kitso har gaɓar teku. Ba wanda ya yi wannan tafiya don marmari.

Sai kuma abin da muka gani da idonmu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya, matafiya suka koma ƙetare Kwara a kwalekwale da kayansu a ka, kamar yadda fataken goro suka yi fito shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Kayan da ke zuwa ta Kwatano suka koma Lome, suna ratso Burkina da rakiyar soja. Albasar Galmi da ragunan Layya ba su daina neman hanyar Ankara da Abijan ba, sai dai wahalar ta ninka, kuɗin mota ma haka.

To, a irin wannan hali ne nake shirya wa yara tafiya, kuma ban ɗauki abin da wasa ba. Hutun makaranta a Nijar daga Yuli ne zuwa Satumba, wato tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatar hannun saurayi. Mai cin rani da rani yake tafiya, mu kuwa dole mu saci kwanaki tsakanin maimai da girbi, cikin Agusta. An yi sa'a watan na da sanyi a bakin teku, ruwan sama kan ɗan tsagaita. Amma a lokacin ne igiyar ruwa ta fi haushi. Gaɓar Kwatano da Lome tana da ja ta ƙasa, tana ɗauke har wanda ya iya iyo, balle yaron Dakoro da iyakar saninsa tabkin damina. Na gaya wa samarin tun yanzu: ruwa iyakar idon sawu, kuma ba na sake maganar.

Ƴata ta riga ta tara hotunan wuraren da take son gani a wayarta. "Baba, don Allah mu sauka a otal mai kallon ruwa," in ji ta. Na ce za mu yi kwana ɗaya a can, don ita ma tana da haƙƙin ta more abin da kakanninta ba su samu ba. Sauran kwanakin a unguwar Zango ta Kwatano za mu yi su, a gidan wani dattijo mutumin ƙasarmu da ke saukar da ƴan kasuwar Maraɗi. Ina so su farka da asuba su ji kiran salla daga babban masallacin Zango, su fito su tarar da mai koko da ƙosai tana zuba wa ƴan dako, mai shayi yana fasa ƙwai yana gaisawa da Hausar Gobir, ƴan acaɓa masu rawayar riga suna ta wucewa. Daga nan mu shiga kasuwar Dantokpa, su ga inda atamfar da uwarsu ke ɗaurawa take fitowa. In ƙarfin aljihu ya kai, mu shiga kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da aka gina bisa sanduna a tabkin Nokuwe.

Akwai wuri guda da ba zan tsallake ba ko da kuɗi sun yi kaɗan, shi ne Wida, yamma da Kwatano a kan hanyar Lome. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa akwai turbar wajen kilomita huɗu da aka bi da bayi zuwa jirage, a ƙarshenta kuma ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Yaranmu suna karanta cinikin bayi a makaranta tamkar labarin wasu mutane ne can. Alhali Hausawan farko da suka ga teku da yawa ba fatake ba ne, kamammun yaƙi ne da aka sayar kudu, musamman a shekarun jihadi. An kai su Bahiya a Barazil, kuma su suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814, suna kuma cikin Musulmin da suka tashi a watan azumi na 1835. Da ƙafa za mu taka turbar, ba a mota ba.

Abin da ya rage shi ne takardu da zaɓen hanya. Kowa zai riƙe katin shaidarsa da katin rigakafin shawara, ƙaramin kuma da takardar haihuwa. Batun ko ta Gaya za mu bi, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, ko ta Ɗan Isa mu ratsa Najeriya mu shiga ta Seme, ba a taswira zan yanke shi ba. Direbobin tashar Maraɗi da masu kai albasa su suka san inda ke da lafiya a wannan mako da inda ba a bi bayan la'asar, kuma da shawararsu zan sayi tikiti. Kawu ya ce in an tsai da rana a sanar da shi, zai ba babban yaron goro ƙwarya guda ya kai wa mai masaukin.