Dokokin Tuƙi a Ƙasar Batsari da Safana

Dokar tuƙi ta shigo ƙasar Batsari da Safana tare da mota, tun zamanin En'e, lokacin da 'yan doka ke tsare hanya. A hannun hagu ake tuƙi a wancan lokaci, bisa tsarin Ingila. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta koma hannun dama, abin da ya sauƙaƙa wa direbobin da ke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, domin tun asali haka ake tuƙi a Nijar.

A watan Fabrairun 1988, 'yan watanni bayan ƙirƙiro Jihar Katsina, gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Jami'anta kan rubuta wa direba takardar tara kan gudun wuce sa'a, lodin da ya wuce kima ko rashin lasisi, ya je banki ya biya. Daga baya jihar ta kafa tata hukumar, KASSAROTA.

Doka ta ce sai wanda ya kai shekara 18, ya kuma samu shaidar makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, za a ba lasisi. To amma irin waɗannan makarantu a birane suka fi yawa. Direban karkara a tasha yake tasowa. Yakan fara da yaron mota, yana wanke ta, yana ɗaure kaya ranar kasuwa, har maigidansa ya yarda ya miƙa masa sitiyari. Wannan horo na fitar da gwanayen yashi da rafi, sai dai ba ya koyar da alamomin hanya, kuma rayuka na salwanta a wannan giɓi. Dokar sanya hular kwano ta 2009 ma ba ta kama ƙasa ba tsakanin 'yan acaɓa.

Dokar da ta fi taɓa jama'ar yankin daga matsalar tsaro ta fito. A ƙarshen Agustan 2021, saboda 'yan bindigar dajin Rugu da ke kai hari bisa babura, Gwamna Aminu Bello Masari ya hana goyon mutum uku a babur da sayar da fetur a jarka, ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana. Manomin da babur ne kaɗai abin kai matarsa asibiti ya ɗanɗana kuɗarta.