Landiroba da taɓon fadama

1/ Land Rover ta fito a Ingila a 1948. Ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi mata jiki da alminiyam. Shi ya sa bodinta ba ya tsatsa.

2/ Tsofaffin direbobin Ambursa sun gaya min, in damina ta kama, Landiroba ce ke ratsa taɓon ƙauyukan fadama ta kai marar lafiya Birnin Kebbi ko Argungu.

3/ Amma fa shasinta ƙarfe ne, yana ruɓewa. Kayan gyara suka yi wuya, Hilux kuwa kowane bakanike ya san cikinta. A ganina rashin kayan gyara ne ya kore ta daga nan, tun kafin a daina ƙera tsohuwar Defender a 2016.